Mai Walda Ya Fito da Gadonsa Bakin Titi

"Ku karkata shi mana! Karkatawa na ce, ba turawa ba!"

Malama ta ɗago daga kan furannin da take ba wa ruwa, ta leƙa ta saman katanga. Katangar ba ta wuce ƙirjinta ba, shi ya sa shekara talatin da ɗoriya babu abin da ke faruwa a gidan Mai Walda da ba ta gani, ko tana so ko ba ta so. Yau kuwa akwai abin kallo. Maza huɗu ne suka maƙale a ƙofar ɗaki da gadon ƙarfe, rabi a ciki rabi a waje, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Akwai direban tasi na gidan ƙarshe, da mai shagon bakin titi da ƙanensa, sai mijinta, Akawu, wanda ya dafa ƙafar gadon da hannu ɗaya don dai a ce da shi aka yi.

Shi kuwa mai gadon yana zaune a kujerar roba a tsakar gida, lulluɓe da bargo duk da ranar da ake ƙwallawa, yana ba da umarni da muryar da ta rage rabi.

"Baba, wai tun farko ta ina ka shigar da gadon nan?" in ji direban, yana share gumi.

"Wa ya ce maka shigar da shi na yi? A cikin ɗakin na haɗa shi. Da na san wata rana zan fito da shi, da na rage masa kafaɗa." Ya yi tari mai tsawo, sannan ya nuna ƙofar da haɓa. "Ku ɗaga ƙyauren sama, zai fita daga mazauninsa. Ni na ɗora shi."

Aka ɗaga ƙyaure, gado ya wuce. Suka kai shi rumfar kwanon da ke gaban gidan, inda Mai Walda ya yi shekara arba'in yana haɗa tagogi da ƙyamare da gadaje. Aka matsar da injin walda da tulin rodi gefe, aka share ƙurar ƙarfe, aka shimfiɗa katifa.

'Yarsa ta matso bakin katanga. Aikin jinya take yi a wani gari mai nisa, kuma Malama ce ta koyar da ita a aji uku, shi ya sa har yanzu in za ta yi mata magana sai ta ɗan rusuna.

"Mama, ina kwana."

"Lafiya lau, 'yata. Yaushe kuka dawo?"

"Jiya da yamma. Sun sallame mu." Ta rage murya. "Huhun ne, Mama. Hayaƙin shekaru. Likita ya ce makonni ne, ba watanni ba."

"Shi ya sani?"

"Da bakinsa ya tambaya. Da aka gaya masa sai ya ce to madalla, ashe ba sai ya sayi sabon takalmi ba." Ta yi dariya, idonta ya ciko da hawaye. "Ya ce shi ba zai mutu yana kallon silin ba. Wai a fito da shi inda zai ji motsin mutane."

Malama ta ce Allah ya ba shi sauƙi, ta koma kan furanninta. Ta daɗe tana zuba wa tukunya ɗaya ruwa har ya malala ƙasa.

Tsakaninta da Mai Walda gaisuwa ce kawai, ita ma iya wadda ta zama dole. Ba tun yau ba. Lokacin da take koyarwa, tana dawowa daga makaranta da tulin littattafan yara, shi kuma a lokacin yake fara dukan ƙarfe, kamar yana jiranta. Amma ba ƙarar ce babbar magana ba. A wancan zamani Mai Walda mashayi ne na a zo a gani. In ya sha ya dawo, matarsa ce ke ɗanɗana kuɗarta. Tela ake kiranta, don ɗinki take yi, mace mai sanyin hali wadda ko kaza ba ta iya kora da ƙarfi. Ita ce ƙawar Malama ta kusa, benci ɗaya suke zama a majami'a. Sau nawa Malama ta gasa mata fuska da tsumma da ruwan ɗumi, ita kaɗai ta sani.

Sai wata Lahadi, shekara goma sha biyu da suka wuce, ana tsakar waƙa, aka ga Mai Walda ya shigo majami'a da kayan aikinsa a jiki, ya zauna a bencin baya yana kuka kamar yaro. Daga ranar bai ƙara kai kwalba bakinsa ba. Aka yi masa baftisma. Tela ta yi shekara biyar tana cin moriyar sabon halin mijinta kafin Ubangiji ya kira ta. Kowa a titin ya ce ya ga ikon Allah. Malama ma ta ce haka, don ita ce shugabar zumuntar mata, ba za ta ce wani abu dabam ba. Amma a zuciyarta ta ajiye shi inda ta ajiye shi.

Kwana biyu da fito da gadon, tana wucewa za ta kasuwa, ya kira ta.

"Malama! Takunki ne wannan, na sani. Duk titin nan ke kaɗai ce ke tafiya kamar an buga ƙararrawa."

Ta tsaya. "Yaya jikin?"

"Jiki yana ta haɗa kayansa. Wata alfarma nake nema." Ya laluba ƙarƙashin matashi ya jawo Littafi Mai Tsarki, bangonsa duk baƙin mai. "Ido ya tafi. Wutar walda ta cinye shi, baƙaƙen sai rawa suke mini. Yarinyar nan in ta karanta mini, kamar tana karanta takardar magani, kafin in kama kai ta kai wutsiya. Fasto kuwa sau biyu yake zuwa a mako. Ke kin san inda ake tsayawa a numfasa."

Ta so ta ce tana da ayyuka. Sai ta tuna mai shago yana jin su, kuma gobe Laraba ce, ranar da take koya wa mata darasi a kan ziyarar marasa lafiya.

"Zan riƙa zuwa da hantsi," ta ce.

Haka aka fara. Kullum ƙarfe goma sai ta zo da tabarau da kujerarta, don bencin rumfarsa duk tsatsa ne. Takan zauna nesa da gadon kaɗan, ta buɗe nata Littafin, ba nasa ba. Kuma ita take zaɓen wurin karatu. Ranar farko ta karanta masa inda aka yi maganar mashaya. Rana ta biyu, inda aka yi maganar ranar shari'a. Rana ta uku ta nemo inda aka gargaɗi maza a kan matansu, ta karanta a hankali, tana tsayawa duk inda ya kamata a numfasa.

Shi kuwa sai ya lumshe ido yana gyaɗa kai. "Gaskiya ne," yakan ce. "Ni ke nan. Kamar marubucin ya san gidana." In ta rufe Littafin sai ya ce, "To yanzu a ba ni nawa. Na ɓarawon nan."

Labarin ɓarawon da aka gicciye a gefen Yesu yake nufi, wanda ya roƙi a tuna da shi, aka yi masa alkawarin Firdausi tun a ranar. Kullum sai an karanta masa shi, kullum kuma sai ya yi murmushi a wuri ɗaya, kamar wanda aka ba labarin ɗan'uwansa da ya yi sa'a.

Wannan murmushin ne ya ishi Malama. Ga mutum ƙashi da fata, numfashi sai ya yi kokawa da shi, amma yana kwance a bakin titi kamar mai jiran motar zuwa biki. Mai kai gas in ya wuce sai sun yi barkwanci. Mata masu dawowa daga famfo sai sun tsaya ya tambaye su maigida da yara. A rana ta biyar ta kasa haƙuri. Ta cire tabarau ta ɗora a cinya.

"Wai kai ba ka jin tsoro ne?"

"Ina ji mana. In numfashin nan ya ƙi zuwa, har zufa nake yi."

"Ba wannan nake nufi ba. Tafiyar. Tsayuwa a gaban Ubangiji."

"Wannan kam a'a."

"Bayan duk abin da..."

"Ƙarasa, Malama. Shekara goma sha biyu maganar nan tana bakinki, kullum ina jin ƙamshinta ta saman katanga."

"To zan ƙarasa. Ni na ga fuskar Tela. Da hannuna na gasa mata ido ranar da ta kasa buɗe shi. Ni na ɓoye 'yarka a bayan ƙofata tana rawar jiki. Yanzu kuma ka kwanta kana murmushi, kai da ɓarawonka."

Wata mota ta wuce ta tayar da takardu. Da ta dube shi sai ta ga hawaye yana gangarawa ta gefen idonsa zuwa cikin kunne.

"Na yi," ya ce. "Har da waɗanda ba ki gani ba. Babu wanda na manta. Na durƙusa a gabanta na roƙe ta, ta yafe, amma yafewarta ba ta mayar mata da haƙorin da na cire ba. Kullum in ta yi dariya ina ganin wurin." Ya ja numfashi da kyar. "Kina tsammani shekarun nan da na yi ina zuwa sujada su ne nake taƙama da su? Goma sha biyu ba ta goge talatin. Da aikina za a duba, Malama, da tun yanzu kin ji ihuna a ƙarshen titi. Ni ba abin da na yi na riƙe ba. Wanda ya mutu saboda abin da na yi, shi na riƙe. Ya ce wanda ya zo gare shi ba zai kore shi ba. Na zo. Ban ga dalilin da zai yi mini ƙarya ba."

"Abin da sauƙi ke nan. Mutum ya sheƙe ayarsa son ransa, da yamma ta yi ya zo ya ce ya ba da gaskiya."

"A wurina da sauƙi. Shi da aka kafa wa ƙusa bai ce da sauƙi ba."

Ta naɗe kujerarta ta tafi gida, ranar ba a karanta na ɓarawo ba.

Ta tarar da Akawu a baranda yana gyaran rediyonsa da ba ta taɓa gyaruwa ba. Ta zayyana masa duk yadda suka yi, tana jiran ya goya mata baya. Ya saurara har ta gama, yana juya ƙaramin sukurdireba.

"Ni dai a nawa ganin," ya ce, "ba tsoro kike ji kada ya rasa shiga ba. Tsoro kike ji kada a can ma a haɗa ku katanga ɗaya."

"Kai komai wasa ne a wurinka."

"To me ya faɗa da ba shi kike koya wa mata ba? Ina jin ki ta taga kina shiri. Kowa ya yi zunubi, ceto kyauta ne, ba ladan aiki ba ne. Har da ɗaga yatsa."

"Koyarwa dabam."

"Ashe?" in ji Akawu, ya mayar da kai kan rediyonsa.

Ta shiga kicin ta hau wanke kwanukan da ta riga ta wanke. Akwai abin da Akawu bai sani ba, kuma babu mahalukin da ta taɓa gaya wa.

Shekara ashirin da biyu ke nan. Lokacin jarrabawa ne, tana da takardun aji biyu a gabanta, Mai Walda kuma ya sami aikin ƙofofin wata makaranta, dukan ƙarfe tun safe har faɗuwar rana. Ranar da kanta ya yi kamar zai tsage, ta zauna ta rubuta wa ofishin hukuma takardar ƙara, ba ta sa suna ba. Da ta tsaya a kan ƙarar ƙarfe da hayaƙi, da da sauƙi. Amma ta san wannan ba zai tayar da kowa daga kujera ba, sai ta ƙara da cewa tartsatsin wuta ya ƙone wani yaro a ƙafa. Babu yaron da ya ƙone. Cikin mako guda aka zo aka ɗaure rumfar da sarƙa, aka kwashe injin. Wata huɗu ana kai da kawo. Aikin ƙofofin ya tafi hannun wani, shan Mai Walda ya ninka, gidan ya rasa abin ɗorawa a wuta. A ƙarshe Tela ta sayar da keken ɗinkinta, wanda uwarta ta bar mata, kuma har ta koma ga Ubangiji ba ta sake mallakar wani ba. Ranar da aka ɗauki keken, a nan kicin ɗin ta zo ta zauna tana kuka. Malama ta dafa kafaɗarta ta ce, "Ki yi haƙuri, 'yar'uwa. Mutanen duniya ba su da tsoron Allah."

Tun daga lokacin babu aikin majami'a da ba ta sa hannu ba. Ita ce gaba a ziyarar asibiti, ita ce gaba a sharar majami'a, ita ce mai tara tufafi don marayu. Ta yi ta jibga ayyuka a kan abin nan kamar mai jibga kaya a kan ramin da ke tsakar ɗaki. Amma duk ranar da aka miƙo mata gurasa da ƙoƙo a Jibin Ubangiji, sai ta ga keken ɗinki ana ɗora shi a bayan mota.

Washegari ba ta je ba. Ta aika Akawu ya ce kanta na ciwo. Ya dawo ya ce Mai Walda na gaishe ta, wai ya ce a gaya mata shi ba shi da ranakun da zai ba da hutun rashin lafiya.

Rana ta biyu ta je tun kafin goma. Ba ta ɗauki kujera ba, ba ta ɗauki Littafi ba. 'Yarsa ta gama goge masa jiki ke nan, ta shiga ciki da kwanon ruwa. Malama ta zauna a kan wani benci na ƙarfe, tsatsa da komai, dab da kansa.

"Maƙwabci," ta ce. Ba ta taɓa kiransa haka ba. "Akwai maganar da zan gaya maka. Ka bari in kai ƙarshe kafin ka ce wani abu."

Ta faɗa masa duka. Takardar, da yaron da babu shi, da abin da ta ce wa Tela a kicin. Tana magana tana kallon hannuwanta. Da ta gama sai ta ji gadon yana girgiza. Ta ɗago a firgice, tana tsammanin numfashin ne ya sarƙe. Ashe dariya yake yi, dariyar da ta juye tari har sai da ta tallafo kansa ta ba shi ruwa.

"Wayyo Malama," ya ce da ya samu kansa. "Ai sun nuna mana takardar a ofis. Duk garin nan wa yake rubuta ƙara ya ja wa kwanan wata layi da rula? Har da jan biro a ƙarƙashin kan magana. Saura kaɗan ki ba ni maki."

"Ka sani? Tun lokacin?"

"Ni ban gane ba, kaina a cikin kwalba yake. Tela ce ta gane. Rubutun da ke kan katin sakamakon yarinyarmu ne, wa zai ɓace mata?"

"Tela ta sani." "Ta sani ranar da ta zo kicin ɗina?"

"Ta sani. Ni da na ji, guduma na ɗauka zan zo in sauke miki ƙofa. Ta tsaya a bakin zaure ta ce sai dai in bi ta kanta. Matar da ko ɗaga mini murya ba ta taɓa yi ba. Ta ce, 'Ƙawata ce. Kai ka kai ta bango.' Ta sa na yi rantsuwa ba zan taɓa tayar da maganar ba. Ita ce rantsuwa ɗaya da na cika a zamanin shan giya."

"Shekara goma sha biyar muna zama benci ɗaya bayan nan. Ko a fuska..."

"Ta ce in kin tashi faɗa za ki faɗa. In ba ki faɗa ba ma, ita ta riga ta sauke nata."

Malama ta rufe fuska da gefen mayafinta. Rabonta da kuka irin wannan tun rasuwar mahaifiyarta. Mai shago ya leƙo, ya ga abin da ake ciki, ya koma cikin shagonsa ya ƙara muryar rediyo.

"To yanzu me zan yi?" ta ce. "Ba ta nan balle in roƙe ta. Ba ta nan balle in saya mata keke. Me zan yi?"

"Babu."

"Kamar yaya babu?"

"Babu abin da za ki yi. Shi ne abin da ya fi ba irinku wuya, ku masu ƙwazo. Mu da muka san hannunmu wayam yake, miƙawa kawai muke yi a zuba mana." Ya lalubo hannunta ya riƙe. Tafinsa kamar fatar itace. "Ni dai nawa kason, na yafe tun ranar da aka yafe mini. Sauran ki kai inda na kai nawa. Wurin da ya ɗauki kayana, naki ba zai gagare shi ba."

Malama ta yi suna a majami'a da doguwar addu'a, irin wadda yara ke barci a tsakiyarta. Ranar nan a rumfar walda, abin da ta iya faɗa bai wuce kalma biyar ba. Mai Walda ya ce amin da ƙarfi kamar an yi wa'azin awa guda.

"To," ya ce, "kwana biyu ana cin bashin kunnena. A ba ni na ɓarawona."

Ta jawo nasa Littafin daga ƙarƙashin matashi. Ba ta sha wuyar nemo wurin ba, shafin ya yi baƙi da yatsunsa. Ta fara karantawa. Da ta zo inda yake murmushi, ta tsaya ta numfasa, ta ga ita ma bakinta ya motsa.

Kwana tara ya ƙara a duniya, kuma Malama takan ce ba ta taɓa ganin kwanaki masu daɗi a titin nan kamarsu ba. Ta daina tafiya in an gama karatu. Takan zauna har azahar tana tsince wake a tire, suna hira. Ya ba ta labarin yadda ya fara ganin Tela, ta kawo ƙafar keke a gyara mata, shi kuma ya yi ta jan aikin har mako uku don ta riƙa dawowa. Ita kuma ta ba shi labaran Tela da bai sani ba, yadda take kwaikwayon tafiyar tsohon fasto a bayan majami'a har mata su riƙe ciki. Ya ce, "Tela? Tawa?" Ya yi ta dariya yana tari.

Ya rarraba kayan aikinsa yana kwance. Injin ya ce a ba wani tsohon abokin sana'arsa da nasa ya ƙone. Akawu ya sami akwatin sukurdirebobi, da sharaɗin ya rabu da rediyon nan ta huta. Ranar Lahadi bayan sujada fasto ya zo da dattawa biyu, aka yi Jibin Ubangiji a rumfar, aka ɗora farantin a kan teburin da ake yanka ƙarfe. Da aka miƙo wa Malama ta karɓa ta ci, ta sha. Ta jira hoton nan ya zo mata. Ya zo, amma bai tsaya ba.

Daga ranar Talata magana ta fara yi masa wuya. Sai dai ya ɗaga yatsa in an gaishe shi. 'Yarsa ta daina zuwa ko'ina, tana juya shi, tana jiƙa masa leɓe da auduga.

Ranar Alhamis da hantsi gari ya yi luf, babu zafi sosai. 'Yar ta ce, "Mama, ki ɗan kula da shi in shanya zannuwan nan." Malama ta zauna ta buɗe Littafi. A tsallaken titi ana sauke katan-katan a shago, ƙanen mai shagon yana ƙirga su da waƙa. Wata mata ta wuce da jariri a baya tana masa wasa. Malama ta fara karatu a hankali. Da ta kai tsakiya ta dakata don ta gyara tabarau.

"Ci gaba," ya ce. Da kyar ta ji shi.

Ta ci gaba. Tana karatu tana jin numfashinsa, yana zuwa, ya daɗe, ya sake zuwa. Sai ya daɗe bai zo ba. Ta san abin da ya faru, amma saura layi biyu, kuma ba ta taɓa barin jimla a rataye ba. Ta karanta su har ƙarshe, ta rufe Littafin, ta sa hannu ta shafe masa ido. Fuskarsa kamar ta wanda ya gama aiki ya jingina da bango.

"'Yata," ta kira, ba da ƙarfi ba. "Bar shanyar nan ki zo."

Kafin la'asar rumfar ta cika. Aka kawo bencina daga majami'a, mata suka fara waƙa a hankali, maza suna shawarar yadda za a yi gobe. 'Yar ta jawo Malama gefe, idonta jawur, riƙe da wata farar riga mai dogon hannu.

"Mama, wannan ya ce a sa masa. Ita yake sawa ranar Lahadi. Na duba ko akwai sabuwa, babu. Ga shi duk ta yamutse, ni kuma ga baƙi sun cika gida."

"Kawo, 'yata. Je ki zauna da baƙi."

Ta kai rigar gida, ta shimfiɗa bargo a kan teburin da ta yi shekaru tana duba littattafan yara, ta jona dutsen guga. Ta fara da kwala, ta bi kafaɗu, ta bi hannuwa, tana yayyafa ruwa da yatsu. Ta saman katanga waƙar matan tana shigowa, Akawu na bin su da muryarsa da ba ta taɓa hawa daidai ba. Da ta gama ta ɗaga rigar da hannu biyu wajen taga don ta ga ko akwai sauran lanƙwasa.

Sai a lokacin ta lura da su. Ƙananan huji ne, kamar na bakin allura, birjik a ƙirji da hannuwa, inda tartsatsi ya taɓa sauka. Ko ranar Lahadi ma, in wani ya kawo ƙafar kujera bayan sujada, ashe ba ya iya cewa a dawo gobe. Ranar yamma ta biyo ta cikin hujin, ta zuba ɗige-ɗigen haske a kan teburin da bayan hannunta. Malama ta tsaya a haka, riƙe da rigar, har ɗumin guga ya fita daga jikinta.